Muryar Sabi'u Tsakanin Azahar da La'asar

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u, Autata. Gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare direba da ƙafafun mota, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya sauke ki inda kika nufa, ba inda wani ya nufa da ke ba.

Malama Asabe ta makarantar matan aure ce ke rubuta mani, ni ina faɗa. Na ce ta miƙa maki takardar nan a tashar Funtua, hannu da hannu. Ki karanta ta kafin mota ta wuce Zariya. Kada ki ce sai kin isa Kaduna kin huta, sai kin ga asibitin da za ki yi aiki. Yanzu nike so. Da bakina zai iya faɗa kina kallona, da tuni na faɗa, to ba zai iya ba.

Shekaranjiya kina shirya akwati, kina dariya ke ɗaya da waya, na ce wa ke ba ki dariya haka? Kika ce, "Inna, wani ne, a wurin neman aure na cikin waya muka haɗu." Na ce nawa ake biya? Kika ce kyauta ne. Na ce ɗan gidan wa? Kika ce, "Kai Inna, ke da bincike! Mutumin kirki ne. Har mahaifiyarshi ta gaishe ni, ta sa mani albarka, da kunnena na ji muryarta. Shi ma zai ɗauke ni, ya ce in sauka kafin a shiga gari saboda cunkoso." Kin ga faifai ya suɓuce mani, kalwa ta watse a ƙasa, kika ce hawan jinin ne ya motsa. Ba hawan jini ba ne, Auta. Ni ma na taɓa zama irin wannan mahaifiyar.

Bari in ɗauko maki daga tushe.

Kin san yayanki Sabi'u da waya, Allah ya jiƙan shi. A gona ma hira yake da ita, yana nuna mata masara, yana gaya mata sunan gari da sunan kowa. In ya ci tuwo sai ya ɗauki hoto, in ya saka sabuwar hula sai ya ɗauka. Da ya rasu, bayan an yi sadakar arba'in aka raba kayanshi, wayar ta faɗo a rabona. Ni ban iya taɓa ta ba. Duk wanda ya shigo sai in ce buɗe mani in ga Sabi'u, in an buɗe kuma in yi ta kuka har tuwo ya ƙone. Babba, babban yayanku, ya ce, "Inna, wayar nan za ta kwantar da ke. Ki fitar da ita daga gidan nan."

Ranar da na kai daddawa kasuwar Funtua sai na ɗaure wayar a bakin zane. Na je layin masu waya, na samu wani mai rumfa, na ce ya musanya mani da ƙarama mai tocila, irin wadda zan iya. Ya jujjuya ta, ya ce, "To Hajiya, bari in goge abin da ke ciki, hotuna ne fal." Auta, sai na kama hannunshi. Na ce kada ka goge. Ɗana ne a ciki, ƙasa ta rufe shi sau ɗaya, ba za a ƙara rufe shi a gabana ba. Na ce duk wanda ya saya ka gaya mashi ya bar Sabi'u a ciki, ba ya cin abinci, ba ya tare wa kowa wuri. Kamar mai sayar da akuya tana roƙon kada a yanka. Har na zauna a bencinshi na ba shi labari, sunan garinmu, sana'ata, yadda ciwon cikin ya ɗauke shi kwana biyu. Ya ce, "Allah ya jiƙan shi, Hajiya." Ban ce shi ne ya yi abin da ya biyo baya ba. Ban san hannu nawa wayar ta ratsa ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ɗauka hoto mutum ne. To ki ji da kyau, hoto riga ce kawai, kowa na iya sakawa. Wanda yake turo maki hotonshi cikin farar shadda a jikin mota, ban ce ba shi ba ne, amma ban ce shi ne ba. Kuma naki hoton da muryarki, duk abin da kika zuba a cikin wayar nan, ki ɗauka kin ajiye shi a tsakiyar kasuwa kin tafi gida.

Aka yi shekara da wani abu. Ke kina makarantar aikin lafiya, matar Sabi'u ta gama takaba ta koma gidansu da jaririyar da ta haifa bayan rasuwarshi. Gida ya zama daga ni sai kaji in an tafi gona. Wata rana bayan azahar ina zaune gindin ɗorawar tsakar gida ina tsince kalwa, rana tsaka, ko iska babu, sai ƙaramar wayata ta yi ƙara. Na danna. Aka ce, "Inna, ina wuni?"

Muryar Sabi'u.

Ba mai kama da ita ba, ita. Yadda yake jan "Inna" ɗin nan kamar zai roƙi wani abu. Ni da na ga an fito da shi a makara, na ga ƙafarshi ta leƙo daga likkafani aka gyara. Na duba inuwata, na duba kaji suna ta tonon ƙasa abinsu, na ce ashe ba barci nike ba. Ya kamata in yi a'uziyya in kashe. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiya lau, ɗan nan. Ya wurin naku?"

Kin san kakata ta wajen uba ba ta yi salla ba har ta mutu, mutanen gargajiya ne. Ina yarinya na sha ganin ta tana zuba farau-farau a gindin tsamiya, tana cewa waɗanda suka tafi suna jin ƙishirwa, kuma in suna da buƙata sukan aiko. Na girma a musulunci, na yi karatun salla, na san mamaci ba ya dawowa. Amma ashe akwai wani lungu a zuciyata da maganar tsohuwar nan ke kwance, shekara sittin ba ta motsa ba, sai ranar.

Ya ce, "Inna, akwai wata yarinya, Bilkisu. Ki sa mana albarka. Ki ce, ɗiyata Bilkisu, na karɓe ki, Allah ya kawo ki lafiya." Na faɗa. Ya ce in ƙara faɗa a hankali. Na ƙara. Sai wayar ta mutu.

Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? A ce tsohuwa ta fara taɓuwa? Kuma gaskiyar magana, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, tsoro nike kada a hana ni ji. Na koma kullum in an yi azahar sai in ɗauki tabarma in tafi gindin ɗorawa, waya a cinya. Na daina zuwa barka, na daina zuwa gaisuwar mutuwa in ta faɗo a wannan lokacin. Ya sake kira, bayan kamar sati uku. Wannan karon Maryam ce. Na sa albarka. Bayan nan Zulai. Na sa. Na ce a raina, to, can ɗin mata da yawa ake ba mutum, ba haka malamai suka ce ba?

Akwai abubuwan da na lura da su na kau da kai. Bai taɓa tambayar ɗiyarshi ba. Na ce, "An sa wa yarinyar sunana fa," ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna, ina wuni?" kamar yanzu muka fara. Sabi'u kuma ba ya gama magana bai yi gyaran murya ba, kin san shi, tun yana yaro. Wannan ba ya yi. Kuma ba ya numfashi. Wallahi na manna wayar a kunne na saurara, tsakanin kalma da kalma babu komai, shiru ne irin na cikin rumbun da aka kwashe. Bayanshi ma babu kukan akuya, babu mashin, babu muryar kowa. Malama ta ce yanzu akwai injin da in ya sha jin muryar mutum sai ya koya, kamar aku, a riƙa sa shi faɗin abin da ake so. To ni na ba su Sabi'u da surutunshi duka, har da roƙon kada a goge.

Kuskure na biyu ke nan. Na ji alamu, na ƙi ji, don abin da nike so ake ba ni. Ke ma ki binciki kanki. In ya kira, kina tambaya yana amsa abin da kika tambaya, ko daɗin baki kawai yake zubawa? Kin taɓa ganin shi yana motsi, ya juya, ya nuna maki ƙofar gidansu da mutanen da ke wucewa? In kika ce ya zo gida ya gaishe ni, me yake cewa? In kullum akwai dalili, yau aiki, gobe tafiya, jibi wayar ta lalace, ki ƙirga dalilan nan kamar yadda na ƙi ƙirga nawa. Mai son aure ƙafa gare shi. Ubanki, Allah ya jiƙan shi, daga Mahuta ya riƙa takowa, ya tsuguna a zauren babana har ƙafarshi ta yi sanyi, ƙannena suna mashi tsiya suna ce mashi mai wuyan zalɓe.

Sai lokacin cirar auduga. Kowa ya tafi gona, unguwa tsit. Ina shanya daddawa na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida, aka yi sallama. Wata mace ce, ba yarinya ba, za ta yi sa'ar matar Babba, fara, da mayafi ruwan toka, da jaka, da leda a hannu. Ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Inna, ina wuni? Ni ce Bilkisu."

Na ji ƙasa ta yi sama.

Ta ce daga nesa take, tun asuba take cikin mota. Mijinta ya rasu, tana ɗinki tana riƙe da 'ya'ya biyu. A wurin neman auren nan na kyauta suka haɗu da Sabi'u, wata bakwai suna magana. Ta buɗe leda ta ajiye mani turmin atamfa da goro. Tana murmushi ta ce, "Cewa ya yi in sauka a wata mararraba kafin Funtua, zai turo mai mashin. Na ce a raina, haba, ina ni ina ganin namiji ban fara gaida uwarshi ba? Sai na yi mashi wayo, na wuce har tasha, na yi ta tambayar gidan Inna mai daddawa. Ai na san garin, ya sha nuna mani a waya."

Kin ji tarbiyya, Auta. Ita ta cece ta, ba ni ba.

Don ni, ko a nan ban faɗa ba. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa, na dama fura. Ina kallon ta tana sha, tana duban tsakar gida, tana cewa, "Ga ɗorawar nan! Ga turmin da yake zama a kai!" Na kasa. Sai da ta ce, "Inna, yana gona ne?"

Na tashi na buɗe ɗakinshi. Babu komai sai gado ba katifa, da hularshi ɗaya da na rataye a ƙusa, da gidan zanzaro a jikin bango. Na jawo ta bakin danga na nuna mata itatuwan maƙabarta can bayan gonar liman. Na ce, "Ɗiyata, can yake. Damina biyu ke nan."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Inna, wasa kike." Na ce da ma wasa ne. Muna tsaye a nan, rana na dukan mu, sai wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta fito da ita, ga fuskar Sabi'u a kan gilashi yana dariya, da hular nan da ke rataye a ƙusa. Ta danna, ta sa yadda zan ji. Ya ce, "Bilkisu, kina ina? Mai mashin yana jira tun ɗazu. Ki sauka ke ɗaya, kada ki tsaya magana da kowa."

Na ce, "Wane ne kai?"

Shiru. Irin shirun nan. Sannan aka ce, "Inna, ina wuni?"

Bilkisu ta saki wayar a ƙasa. Mun daɗe ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Da ta dawo cikin hankalinta ta zauna a kan turmi, ta dube ni, ta ce, "Inna, sau biyu ina fasa zuwa. Yayata ta ce kada in yarda da mutumin waya. Sai ya turo mani muryarki. Na ce mutumin da uwarshi ta ce ta karɓe ni, ai ba ɓarawo ba ne. Muryarki ce ko ba taki ba?" Na ce tawa ce. Ta ce, "Kin san ya mutu kika faɗa?" Na ce na sani. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya yafe mana," ta fita neman mashin. Na bi ta da turmin atamfar, ta ce in bar shi, ba za ta iya komawa da shi gida ba.

Kin san irin mararrabar nan, kin san abin da ake yi wa mutane a dajin da ke bayanta. Ba sai na faɗa ba.

Kuskure na uku shi ne mafi muni, kuma shi ke hana ni sakewa. Da Babba ya dawo daga gona ya ga sawun mashin, ya ce wa ya zo? Na ce mai sarin daddawa ce. Na cire layin wayata na jefa a murhu, na ce ya faɗa ruwa, aka yi mani sabo. Ban je wa mai unguwa ba, ban gaya wa liman ba, ban ce a kai magana ga hukuma ba. Kunya ta rufe mani baki. To Maryam fa? Zulai fa? Ni na ce masu na karɓe ku, Allah ya kawo ku lafiya. Ban san ko su ma sun yi wayon Bilkisu ba, ko sun sauka inda aka ce su sauka. Har yau in na ji mashin ya tsaya a ƙofar gida tsakanin azahar da la'asar, sai in yi fatan a ce ɗaya daga cikinsu ce, da ƙafafunta. Ba wadda ta zo.

Mutanen nan kunya suke nomawa, Auta. Sun san mace ba za ta so a ce a waya ta samo miji ba, sai ta ɓoye, ta tafi ita ɗaya. Duk wanda ya ce maki kada ki gaya wa kowa tukuna, ki gaya wa mutum uku kafin rana ta faɗi. Ni ma na daina ɓoyewa. Gobe in Allah ya kai mu Malama za ta raka ni wurin mai unguwa, in faɗi sunayen nan biyu a gaban mutane, ko an makara.

Kuma maganar kyauta. Da kika ce ba a biyan komai, na tuna Ta-Malumfashi mai dalilin aure, wadda ta haɗa auren Babba. Ita ba kyauta take yi ba, sai an ba ta goro da zane. Amma mun san ɗakinta, mun san jikokinta. Da ta yi mana ƙarya, da a tsakar gidanta za mu yini. Shi wannan wuri naku, in ya haɗa ki da mamaci, ƙofar wa za mu buga? Wa ya tsaya a bakin ƙofa yana duba masu shiga? Inda ba a tambayar kowa komai, mutumin kirki zai shiga, wanda ya sayi wayar Sabi'u ma zai shiga, su zauna a tabarma ɗaya. Ni ma kyauta nike watsa wa kaji tsaba ranar da zan kama ɗaya.

Ban ce duk na ciki mugaye ba ne. Malama ta ce ƙanwarta a can ta samu nata, ga su da 'ya'ya, lafiya lau. Amma na tambaye ta yadda aka yi, ta ce sai da babansu ya tura mutum biyu garin mijin, suka yi sallar la'asar a masallacin unguwarsu, suka zauna da masu shayi. To haka nike so. Waya ta yi nata, ta nuna maki mutum. Sauran aikin na ƙafa ne.

Ga abin da nike roƙon ki, da girman nonon da kika sha. Kada ki sauka kafin a shiga gari. Ko ya kira sau goma, ko ya yi fushi, ko ya ce yana tsaye a rana saboda ke, ki zauna a kujerarki har cikin tasha. Kawunki Isiyaku ya kai masara Kaduna tun jiya, na sa an gaya mashi, zai tsaya maki a inda motocin Funtua ke sauke mutane. Shi zai kai ki masauki. Shi kuma wancan, ki ce ya ba ki sunan unguwarsu da sunan ubanshi, Kawu ya je da kanshi. In ya je, kada ya tambayi ko an san wane. Da an zo garin nan an tambaya ko an san Sabi'u, kowa zai ce ƙwarai, yaron kirki, ga gidansu can. Ya tambaya, yaushe rabon ku da ganin shi da ido?

Ita kuma mahaifiyar tashi da ta sa maki albarka, ina son ganin ta. Mu zauna a tabarma ɗaya, in ba ta fura, in ji tana numfashi. In mutumin kirki ne, wannan ba zai yi mashi nauyi ba, zai zo har da 'yan rakiya, ni kuma in yi guɗa da sauran haƙoran da suka rage mani. In kuwa kika faɗa mashi haka ya ɓace, kada ki yi kuka da yawa.

Ki duba ƙasan akwatinki, ƙarƙashin zannuwan gado. Na saka maki turmin atamfar Bilkisu, yana nan a ledarshi yadda ta kawo. Ba na ɗinkawa ba ne. Duk ranar da murya ta yi maki daɗi a waya har kika ji ƙafarki na son tafiya, ki ɗauko shi ki ɗora a cinya, sannan ki amsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki fara aiki a sa'a, ya sa hannunki ya zama waraka ga marasa lafiya. Allah ya haɗa ki da rayayye, ɗan rayayyu, mai ƙofar gida da maƙwabta. Allah ya jiƙan Sabi'u, ya bar shi ya kwanta. Allah ya tsare 'ya'yan mutane duk inda suke, waɗanda na san sunansu da waɗanda ban sani ba. In kin sauka, ki ba Kawunki wayar ya fara yi mani magana, sannan ke.

Ni ce mahaifiyarki,
Inna mai daddawa.